Maganin Zazzaɓi Da Jinin Da Ba A Auna Ba

Yau a ƙasar Hausa da wuya a ɗaura aure ba a tambayi takardar gwajin sikila ba, amma akwai wani gadon jini da ban taɓa jin waliyyi ko liman ya ambata ba, wato ƙarancin sinadarin G6PD, wanda kimanin mutum miliyan 400 ke ɗauke da shi a duniya. Binciken da Lucio Luzzatto ya yi a Ibadan a shekarun 1960 ya nuna kusan namiji ɗaya cikin biyar na da shi a can. Ɗa namiji daga wajen uwa yake gadonsa.

Jar ƙwayar jini ba ta da wata garkuwa daga abin da zan kira tsatsa sai wannan sinadari. Mai ƙarancinsa kan rayu lafiya lau, har ranar da ya haɗiyi magani irin su firimakwin ko dafson. Nan da kwana biyu ko uku ƙwayoyin su soma fashewa, saifa ta tsince waɗanda suka lalace, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi. Sai dangi su ce shawara ce, a nufi mai saiwoyi, alhali wataƙila ƙarin jini yaron yake bukata. Ƙwallon kafur da iyaye mata ke sakawa cikin kayan jariri ma haka yake yi.

An riga an ɗanɗana kuɗar wannan sakaci. Maganin Lapdap, mai ɗauke da dafson, ya shiga kasuwannin Afirka a 2003 da kirarin araha, aka janye shi a 2008 bayan gwaji ya nuna yadda jinin masu wannan ƙaranci ke zubewa. Shi kuwa tafenokwin, da Amurka ta amince da shi a 2018, sau ɗaya ake sha, amma yakan yi makonni a jiki. In ya soma ɓarna ba a iya kiransa ya dawo. Shi ya sa aka wajabta gwaji kafin a bayar.

Kada mai karatu ya tsorata ya yar da maganinsa: haɗin atemisinin irin su Coartem, da ake ba mu a asibiti, ba ya wannan illa. Damuwata ita ce ɗan kasuwar da ya kwaso zazzaɓi daga Indiya ko Habasha, irin wanda ke laɓewa a hanta, a rubuta masa firimakwin na kwana 14 ba tare da an auna jininsa ba. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa. Ina ganin ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohinmu su haɗa shi da na sikila tun ranar haihuwa, a rubuta sakamakon a katin rigakafin yaro.