Ra'ayinmu: Mambila da Gashaka, Dukiyar da Ba Mu Sani Ba

Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. In aka tambayi ɗalibin jami'a duwatsun ƙasar Suwizalan, sai ya kawo bayani tiryan-tiryan, amma in aka ce ya faɗi dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, sai ya yi zuru. To, sunansa Chappal Waddi, tsawonsa mita 2,419, yana Jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru.

Wanda ya bar Serti ya bi ta Mayo Selbe ya haura hanyar nan mai kwana-kwana, zai tarar da kansa a tudun Mambila, inda sanyi da hazo ke sa baƙo neman bargo, shanu na kiwo a kan tsaunuka shar, ga gonakin shayi a Kakara, ga garin Gembu yana leƙen kwarin kogin Donga. A nan kusa kuma akwai gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, babu kamarsa wajen girma a ƙasar nan. Akwai ɓauna da dorina da damisa a cikinsa, har da manyan biran nan masu kama da mutum.

Abin baƙin ciki, masu sarar itace sun riga masu yawon buɗe ido zuwa. Cikin shekarun 2010 an yi ta kwasar madobiya daga dazuzzukan Taraba ana kaiwa ƙasar Sin. Kada wani ya ɗauka asarar ta tsaya ga mutanen yankin. Daga waɗannan tsaunuka kogin Donga da kogin Taraba suke gangarowa su faɗa Binuwai. In dajin ya tafi, ruwan sama ba shi da abin da zai riƙe shi, sai ambaliya da damina, ƙaranci da rani, manomi da masunci su ne za su biya.

Ra'ayinmu shi ne, ba za a tsare abin da ba a san darajarsa ba, kuma bai kamata mu zauna jiran Turawa su zo su nuna mana ba. Ranar da ɗan Gashaka ya ga jagorancin baƙi da sayar musu da abinci sun fi masa sare bishiya riba, shi da kansa zai zama mai gadin dajin.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai da su shirya ziyara can lokacin hutu, su sauka wajen mutanen gari, su saya daga hannunsu. 'Yan'uwanmu da suka kama aikin gwamnati kuwa, su matsa a kula da hanyar, a kuma wadata masu tsaron dajin da kayan aiki. Gani ya kori ji. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ba mu, amin.