Tartsatsin Da Fis Ba Ya Gani

Da zarar hunturu ya kama, sai labarin gobara ya yawaita a kasuwanni da ofisoshi da makarantu. Sau da yawa akan ce wutar lantarki ce ta jawo, a rufe magana. Ba safai akan tambayi abin da ya hana fis ɗin ginin yanke wutar ba.

Aikin fis shi ne ya ƙone idan wutar da ke bin waya ta wuce ƙima. Amma in waya ta yi sako-sako a bayan soket, ko ɓera ya gaigaye ta har ta kusa tsinkewa, sai wutar ta riƙa tsallake ɗan giɓin tana tartsatsi. Zafinsa yakan kai digiri dubbai, alhali wutar ba ta wuce wadda dutsen guga ke ja ba. Fis bai ga laifi ba, ga robar waya ta zama gawayi, silin ya kama.

Saboda wannan aka ƙera na'urar gano tartsatsi, wadda ake ɗaurawa a akwatin raba wuta. Tana lura da yadda wuta ke gudana, tana bambanta ƙyallin makunni da tartsatsin waya mai rauni, ta yanke layin nan take. A Amurka, ƙa'idar aikin lantarki ta 1999 ta wajabta sa ta a layin soket na ɗakunan barci daga shekarar 2002. Ingila kuwa ta wajabta ta a 2022 a gidajen kwanan ɗalibai da na kula da tsofaffi.

Ya kamata a lura da inda Ingila ta fara: wuraren da jama'a da yawa ke barci. Na'urar tana da tsada, ba za a ɗora wa talaka ita ba. Amma babu hujjar da za ta sa gwamnati ta ba da kwangilar ɗakin kwanan ɗalibai ko na majinyata ba tare da rubuta ta cikin sharuɗɗa ba. Wajibi ne hukumar NEMSA, mai alhakin duba ayyukan lantarki, ta tabbatar an ɗaura ta kafin a ba ginin wuta.

Sai dai na'urar ba ta gyara mugun aiki. Inda ɗan kwangila ya sa waya maras inganci, za ta yi ta yanke wuta har a gaji a cire ta, kamar yadda wasu ke cusa waya mai kauri a gurbin fis. Don haka a riƙa duba wayoyin tsofaffin makarantu tukuna kafin a ɗaura musu ita.