Kiɗan Indiya Ba Rawar Silima Ba Ne

Tun cikin shekarun 1950 da aka soma nuna wasannin Indiya a gidajen silima na Kano, mutane da yawa suka ɗauka iyakar kiɗan Indiyawa ke nan: saurayi na bin budurwa cikin furanni, ana tsalle-tsalle. Har wani kan taɓe baki ya ce kiɗansu duk shashanci ne. Wannan hukunci ne na wanda ya leƙa zaure ya ce ya san gida.

Kiɗansu na asali ilmi ne mai tushe. Mafarinsa rera wani littafin addinin Hindu ne mai suna Samabeda, wanda ya girmi shekara 2,500. Ginshiƙansa biyu ne, raga da tala. Raga ita ce hanyar da murya ke bi, hawa da sauka, cikin muryoyi 7. Tala kuwa lissafin bugu ne, kamar tintal mai bugu 16. Raga da yawa suna da lokacinsu: Bairab ta asuba ce, Yaman ta almuru, Malhar ta damina. Nufinsu shi ne zuciya ta natsu ta tuna da abin bautarta, shi ya sa makaɗi kan daɗe yana jan raga a hankali kafin ganga ta shiga.

Wani kuma zai ce to, ai harkar masu gumaka ce. Tarihi bai goyi bayansa ba. Amir Husrau, wanda ya rasu a 1325, almajirin Shaihu Nizamuddin Auliya ne na birnin Delhi, shi a ke jingina wa kafa ƙawali, watau begen Sufayen ƙasar. Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, shi ya riƙe Tansen, gwanin mawaƙan zamaninsa. Ranar da Indiya ta sami mulkin kai a 1947, Bismillah Khan, Musulmi mazaunin Banaras, shi ya busa shahanai, wata 'yar'uwar algaita, a Jan Garu na Delhi. Hindu da Musulmi tare suka gina kiɗan arewacin ƙasar. Hukuncin kiɗa a shari'a maganar malamai ce, amma ba ya halatta wa kowa ya faɗi ƙarya a kan tarihin mutane.

Babbar hujja ita ce yadda a ke koyonsa. Rabi Shankar ya taso yana rawa a biranen Turai cikin ƙungiyar wansa. A 1938 ya bar wannan daula duka, ya tafi wani ɗan gari, Maihar, ya durƙusa gaban Allauddin Khan, wani dattijo Musulmi mai tsanani. Bai tashi ba sai 1944, kullum yana maimaita darasi a kan garayarsu mai suna sitar. Duk wanda ya taɓa wanke allo ya san wannan hali, gama sai almajiri ya ƙoshi da tilawa malam ke biya masa na gaba. Wa zai ba da shekara 6 na ƙuruciyarsa saboda shashanci?

Ba dole ne kowa ya so kiɗan nan ba. Amma wanda ya yi yaƙi da jahilci har ya iya karatu, abin kunya ne gare shi ya kushe ilmin wasu tun bai bincika ba.