Murar jarirai a Banga: a ƙirga numfashi kafin a sayi magani

Da zarar hunturu ya kama a Banga, da wuya a sami gidan da babu yaro mai majina da tari. Abin da maigida ya saba yi shi ne ya leƙa kemis ya karɓo maganin tari da Septrin ko Amoxil, a ɗura wa jariri. Asarar kuɗi ce. Bairos ke kawo mura, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa shi, kuma ita da kanta take wucewa cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Ruwan maganin tari kuwa ba na jarirai ba ne, wani ma guba ne: a Gambiya yara kusan 70 suka rasu a 2022 bayan shan gurɓatacce, a Afrilun 2024 kuma NAFDAC ta janye wani rukunin Benylin na yara daga kasuwa.

Abin da ke taimakawa ba shi da tsada: nono a kai a kai, ɗigon ruwan gishiri a hanci kafin shayarwa, farasitamol daidai nauyin yaro idan jiki ya yi zafi. Zuma sai wanda ya cika shekara ɗaya. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki ƙara wa ƙirji wahala yake yi.

Inda haɗarin yake shi ne namoniya, domin da kamannin mura take farawa. A yankin da 'yan bindiga suka mayar da fita hanya abin tsoro, iyaye na buƙatar sanin ranar da jira ya ƙare. A ɗage rigar yaro yana kwance lafiya lau, a duba agogon waya, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Sau 60 ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar: ya kai haka, asibiti. Haka nan idan ƙasan ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi nono, ko ɗan ƙasa da wata uku ya yi zazzaɓi.

Yaro mai tamowa ma ba a jira da shi, ga ta kuma ta yi yawa: binciken ƙungiyar likitoci ta MSF a 2024 ya gano ta a jikin yaro ɗaya cikin huɗu a Shinkafi da Zurmi. Ya kamata ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda su riƙa koya wa uwaye wannan ƙirge a duk ranar rigakafi.