Buhun Shinkafa Ba Ya Kai Mace Asibiti

A wannan karo ina so mu ɗan waiwayi wani abu da ya faru a garinmu, wanda da yawa daga cikinmu muka gani da idonmu, wato rububin sayen kayan masarufi da aka yi lokacin kullen cutar korona. Dalilin waiwayen shi ne, a ganina, gidajen da ke da mace mai ciki sun fi kowa cutuwa da wannan rububi, kuma mafi yawan cutarwar daga cikin gida ta fito, daga irin abin da aka zaɓa aka saya da irin abin da aka manta.

Idan ba a manta ba, ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, a Legas. Kafin wata ya cika, Mataimakiyar Gwamna Dokta Hadiza Balarabe ta sanar da dokar hana fita ba dare ba rana a faɗin jihar Kaduna, daga tsakar daren Alhamis 26 ga Maris. Bayan kwana biyu shi kansa Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya bayyana cewa ya kamu. Daga nan aka riƙa buɗe wasu 'yan ranaku a mako domin mutane su fita cefane, aka kuma kafa kasuwannin wucin gadi a filayen makarantu. Haka aka yi azumi a kulle, aka yi ƙaramar Salla a kulle, ba a sassauta sosai ba sai 10 ga Yuni.

Duk wanda ke zaune a Abakwa, ko Unguwar Shanu, ko Unguwar Sarki, ya san yadda ranakun cefanen nan suka kasance. Mutumin da ya saba sayen mudu biyu ya ce sai rabin buhu. Mai sayen kwalbar manja ya ce sai jarka. Taliya kuwa katan-katan. A Ingila da Amurka takardar ban-ɗaki suka yi ta wawaso, mu da muke da buta muka yi musu dariya, alhali abin da ya kora su shi ya kora mu, wato ganin maƙwabci ya loda kaya sai gabanka ya faɗi. Kasuwa kuma ba ta da tausayi. Idan mutum ɗari suka zo neman abin da ya saba isar mutum talatin, mai kaya zai ƙara kuɗi, wani ma ya ɓoye ya jira gobe. Shinkafa dama ta riga ta hau tun da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai rububi ya ƙara mata tsani.

Ba ina zargin maigidan da ya yi haka ba ne. Wanda ke da baki takwas a gida, aka ce masa gobe ba fita, kuma bai san ranar buɗewa ba, dole hankalinsa ya tashi. Kuma ajiye abinci ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe, da rumbu muka tashi. Amma mai rumbu da kaka yake cikawa, lokacin da hatsi ke da araha, ya shanya shi ya bushe sarai, ya san mudu nawa gidansa ke ci a wata. Mai sayen firgici kuwa yana saye ne a ranar da kaya suka fi tsada, a cikin turereniya, ba lissafi, kuma ya kan dawo gida aljihu wayam.

Wannan aljihu wayam shi ne babban abin da ke damuna. Naƙuda ba ta san dokar hana fita ba, kuma ta fi son dare. Jinin da ke ɓalle wa mace bayan haihuwa yana iya kashe lafiyayyar mace cikin sa'o'i biyu idan ba a tsayar da shi ba. Jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa, ita ma ba ta jiran gari ya waye. Masana lafiyar mata sun daɗe suna cewa jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun iyali suke, kuma kuɗi ne ke warware su. Maigidan da ba shi da ko sisi a hannu zai ce a dakata a gani zuwa safe, ba don ba ya ƙaunar matarsa ba, sai don yana jin nauyin buga ƙofar maƙwabci da ƙarfe biyun dare ya nemi rance. Ga ɗaki cike da shinkafa, amma direba ba ya karɓar mudu, kantin magani ma haka. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya.

Saboda haka abin da ya kamata a fara tanada a gidan mai ciki shi ne kuɗin haihuwa, tsaba, a ware shi daban, kada a taɓa shi ko da an ce gobe shinkafa za ta ninka. Sai mota. A lokacin kulle Keke Napep da motocin haya sun ɗauke daga titi, daga Abakwa zuwa Asibitin Barau Dikko ko Asibitin Kawo tafiya ce ta 'yan mintoci ga mai mota, amma ga mai naƙudar da ba ta da abin hawa tamkar wata uwa duniya ce. Maigida, tun cikin yana wata bakwai ka yi magana da mutum biyu masu mota a layinku, ka karɓi lambarsu, ka tambaye su ƙarara ko za su tashi da dare. Ka kuma san wa da wa cikin 'yan uwa zai iya ba da jini idan an buƙata. 'Yar uwa, ke kuma katinki na awo ya zauna cikin jakar haihuwa tare da zannuwa wankakku, da audugar mata, da sabulu, da kayan jariri, da duk abin da ungozoma ta lissafa miki. Katin nan shi ne shaidarki idan jami'an tsaro suka tare ku a hanya.

Sai batun abincin kansa. Dubi abin da aka fi lodawa: shinkafa, taliya, sukari, mai. Duk suna cika ciki, amma ba su ne ke gina jinin mai juna biyu ba. Matar da ta yi wata biyu tana cin shinkafa da mai da yaji za ta zo mana awo idonta fari, tana haki, kuma mai ƙarancin jini ko ɗan jini kaɗan ta zubar wajen haihuwa sai ya kayar da ita. Abin mamaki, abincin da take buƙata shi ne wanda ba a yi rububinsa ba, kuma yana ajiyuwa ba tare da firji ba: wake, waken suya, gyaɗa, busasshen kifi, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen tumatir, da ganyen zogale da aka shanya a inuwa. Da kuɗin katan ɗaya na taliya ana iya haɗa kaɗan-kaɗan daga waɗannan. Idan tukunya ɗaya ce a gidan, kuma abinci ya yi ƙaranci, ina roƙon surukai da uwayen gida su lura, domin mai ciki ta kan yi kara ta bar wa yara da maigida, ita ta kwana da ruwan shayi.

Ajiye kaya da yawa a ɗakin haya ma yana da nasa haɗarin, wanda ba kowa ke tunawa da shi ba ranar da yake ciniki. Kullen 2020 ya faɗo ne daidai faɗuwar damina. Masara ko gyaɗa ko garin da aka jingine a ƙasa, jikin bango mai laima, yana yin fumfuna, wani nau'in fumfunar kuma yana fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana lalata hanta, an kuma danganta ta da haihuwar jariri mara nauyi da tsumburewar yara. Duk abin da ya canza launi ko yake warin laima a zubar da shi, kada a ce asara.

Wake kuwa ƙwari ne abokan gabansa, kuma a nan ne wasu ke yin ɗanyen aiki, su yayyafa masa maganin ƙwari irin su Sniper, ko su jefa ƙwayar feshin hatsi cikin buhun da ke ɗakin da ake kwana. Wannan guba ce ga kowa, balle mai ciki da ƙananan yara. Irin sinadarin da ke cikin Sniper ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu ƙasashenta a 2015. Alhali akwai hanya mai sauƙi: a busar da waken sosai, a zuba a jarka mai tsabta a cika ta, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba, ko a sayi buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS. Ƙwarin da suka rasa iska mutuwa suke yi da kansu. Ga kuma ɓeraye, waɗanda tarin buhuna ke gayyata, su ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsu, cutar da ta fi tsanani ga mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, inda galibi ake rasa abin da ke cikin. Fetur a jarka cikin ɗaki, da kananzir a robar ruwa inda yaro zai ɗauka ya sha, ba sai na tsawaita ba.

Magani ma an yi rububinsa. Da shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi kulorokwin a watan Maris 2020, sai kantunan magani suka cika, kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, cikin 'yan kwanaki hukumomin Legas suka ba da labarin mutanen da aka kwantar saboda sun sha fiye da ƙima. Daga baya manyan gwaje-gwaje suka nuna ba ya maganin korona. Mun taɓa ganin irin haka a 2014 lokacin Ebola, da aka baza jita-jitar a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka. Ki tuna gishiri ne, ga mai hawan jini! Maganin da ya dace ya zauna a hannunki shi ne wanda aka rubuta miki a wurin awo: ƙwayar ƙarin jini da folik asid kullum, da maganin hawan jini ko na sukari idan kina kansu. Idan ana raɗe-raɗin za a rufe gari, ki zo ki nemi a rubuta miki wanda zai kai ki wata guda. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wato Fansidar, a gaban ma'aikaciya ake sha, daga wata na huɗu, a bar tazarar wata ɗaya tsakani, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Wannan ba a sayensa a jibge, zuwa awo ake yi, awon kuma shi ne abin da mata da yawa suka yanke a lokacin kulle saboda tsoron asibiti. Ba a gane hawan jini da ido, sai an auna.

Wasu kuma gwangwanayen madarar jarirai suka tara tun kafin a haihu, wai kada ta yanke. Jariri ba ya buƙatar komai sai nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, kuma ko a tsakiyar annobar shawarar likitoci ita ce uwa ta ci gaba da shayarwa, ta wanke hannu ta sa takunkumi idan tana tari. Kuɗin gwangwani biyu da an saya wa mai jegon ƙwai da kifi da shi, da ya fi amfani.

Game da shiga kasuwa a irin waɗannan ranaku, ra'ayina a taƙaice shi ne mai ciki ba ta da aiki a can. An rufe gari ne don a raba mutane, sai ga shi an matse su kafaɗa da kafaɗa a rana ɗaya. Ban da cutar, ga tsayuwa a rana, ga ture-ture, ga ɗaukar kaya mai nauyi. Maigida ko wani saurayi a gidan ya je, da takarda a rubuce.

Akwai wanda ban ambata ba tukuna, shi ne maƙwabcin da ba shi da abin yin rububin: birkila, mai wankin hula, mai tura baro a Kasuwar Sheikh Gumi, wanda sai ya fita yake samun na tuwon dare. Matarsa ma tana da ciki. Duk buhun da mai albashi ya saya fiye da buƙatarsa ya ƙara wa mudun wannan bawan Allah tsada. Yunwar da ta taru a wannan shekara mun ga inda ta fashe a watan Oktoba, lokacin da aka fasa rumbunan ajiya a garuruwa da dama, har gwamnatin Kaduna ta yi gargaɗi cewa cikin abin da aka kwasa akwai magungunan da suka lalace daga ma'ajiyar NAFDAC da ke Narayi, da hatsin da aka zuba wa sinadari a Kakuri. Idan Allah Ya hore maka, ka sayi na mako biyu ko uku, rarar ka leƙa gidan da ke da mai ciki ko mai jego a layinku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona tun 5 ga Mayu 2023, amma rufe gari bai ƙare da korona ba. A farkon 2023 takardar Naira ta ɓace, mutum na da kuɗi a banki ya kasa biyan mai mota. A watan Agustan 2024 an sake sa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Kaduna da Zariya. Ba wanda aka ba sanarwar mako guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tanadin mai ciki daga ranar da ta fara awo yake farawa, mudu ɗaya wannan mako, sabulu da auduga mako mai zuwa, 'yan canji a gefe duk wata. Idan kika ga jini, ko ruwa ya fashe, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko zazzaɓi, ko yaro ya daina motsi, ku kamo hanya a wannan lokacin, ko da doka ko ba doka. Ɗakin haihuwa ba ya rufewa, dare da rana akwai ma'aikata a ciki.