Sharhi: Gwanin ƙaramin fili, shi ne gwanin babban fili?



Duk shekara in an gama kaka aka buɗe filayen kokowa, ba a rasa wani saurayi da zai kada duk wanda aka tura masa. Nan take sai zance ya cika kasuwa: wannan yaro sai takobi. Haka ma in ɗan lakwal ya yi fice wajen buga ƙwallo, sai a ce wannan sai Turai. Tambayar sharhinmu na yau ita ce: bajinta a ƙaramin fili tana nuna abin da mutum zai zama a babban fili?

Mu fara da gida. Tun 1975 da aka yi gasar takobin ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, hanyar zuwa takobi ta zaɓe ce. Kowace jaha tana tace 'yan kokowarta ta fitar da 10, jahohi 8 su haɗa 80, kuma mutum ɗaya ke komawa gida da takobi. Faɗuwa ɗaya ta isa ta cire ɗan kokowa daga layin masu nema. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Ke nan ƙwarewa gaskiya ce, ba sa'a kaɗai ba. Amma ku lura, su ma sauran 79 ɗin kowannensu zakara ne a garinsu.

A Amurka an daɗe ana wannan muhawara kan ƙwallon kwando, kuma su suna rubuta komai, don haka akwai abin koyo. Can matasa suna bugawa jami'o'i, sannan kowace shekara ƙungiyoyi 30 na babbar gasar NBA su zauna su zaɓi sabbin 'yan wasa kamar 60, ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka fara ɗauka shi ake ganin ya fi kowa.

A 1984 an fara ɗaukar Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas da ya yi fice a jami'ar Houston. Zaɓen ya yi kyau, don ya ci kofi a 1994 da 1995. Na biyu a wannan shekara shi ne Sam Bowie, wanda ciwon ƙafa ya hana shi kai wa inda aka zata. Na uku kuwa Michael Jordan ne, mai kofi shida. A 2011 Jimmer Fredette ya fi kowa zuba ƙwallo a jami'o'in Amurka, kusan maki 29 a kowane wasa, amma na 10 aka ɗauke shi, bai samu gindin zama ba, daga baya ya tafi buga wasa a ƙasar Sin. A 2013 an ɗauki Anthony Bennett na farko, cikin shekara huɗu ya fita daga gasar. Shi kuwa Nikola Jokic, da bai taɓa bugawa jami'ar Amurka ba, na 41 aka ɗauke shi a 2014, ya zo ya zama gwanin gasar har sau uku.

Me ke kawo haka? Na farko, abokan karawa suna canjawa. Wanda ya fi ƙarfin yaran unguwarsu zai tarar da waɗanda suka kai shi tsawo da ƙarfi, dabarar da yake kada mutane da ita kuma an riga an gane ta. Na biyu, shekaru. Masu zaɓe sun fi son ɗan shekara 19 da ke ci gaba da girma a kan ɗan 22 da ya riga ya kai iyakarsa, ko da na biyun ya fi yawan maki. Na uku, lafiya: gwiwa ɗaya in ta goce, lissafi ya rushe. Na huɗu, hali: jure horo, jin maganar mai koyarwa, da riƙe kai in kuɗi da kirarin makaɗa suka fara shigowa.

Saboda haka bajintar ƙaramin fili tana buɗe ƙofar zaɓe, ba wanda ake ɗauka bai nuna komai ba. Amma ba ta ba da tabbacin abin da zai biyo baya. In masu likitoci da na'urori da miliyoyin dala suna kuskure haka, ina ga mu da ke hukunci da ido a bakin fili?

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne kuɗi da makomar yara. Ku 'yan uwa na Abijan, Legas, Libiya da Aljeriya, in aka kira ku aka ce a turo kuɗi wani dillali zai kai ƙanenku gwaji waje, ku yi tambaya tukuna: wace ƙungiya ce, ina takardar gayyata, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta san da shi? Kada a sayar da gonar albasa ko sa a kan yabon 'yan kallo. Iyaye kuma, ku bar yaro ya yi wasansa, ku ƙarfafa masa, amma kada ya bar lakwal ko sana'a. Masu zaɓen 'yan kokowa na gundumominmu, ku dubi wa yaro ya kada, ba sau nawa ya kada ba kaɗai.

Wanda Allah ya ba baiwa ya gwada ta, amma da abin komawa a hannu. Allah ya ba matasanmu sa'a.