Nasara a kan ƙarami ba ta da nauyi

A Gaya kowa ya san cewa idan Isaka Isaka, zakaran kokowa na jihar Dosso, ya ka da wani saurayi a dandalin ƙauye, ba wanda zai yi masa kirari. Amma in saurayin ne ya ka da shi, labarin zai ƙetare gada har Malanville.

Masu darar Turawa da ake kira ces sun mai da wannan hankali lissafi. Wani malamin jami'a a Amurka mai suna Arpad Elo ne ya tsara shi, hukumar wasan ta duniya, FIDE, ta karɓa a 1970. Kowane ɗan wasa yana da makinsa. Idan ka fi abokin karawarka da maki 200, ana sa ran ka kwashe kashi 76 cikin ɗari na sakamakonku. Idan tazarar ta kai 400, kashi 92 ne. Shi ya sa babban gwani da ya ci irin wannan wasa maki 0.8 kawai yake samu, in kuwa aka cinye shi ya yi asarar 9.2.

Sai dai an bar wata kafa. Dokar FIDE ta ce tazarar da ta wuce 400 a ɗauke ta a matsayin 400. Ke nan mai maki 2800 zai iya bin masu 1800 yana tsintar 0.8 ba tare da gumi ba. Bayan Hikaru Nakamura ya shiga ƙananan gasanni a Amurka a 2025, FIDE ta cire wannan rangwame ga masu maki 2650 zuwa sama daga 1 ga Oktoba. A ganina ta yi daidai.

Mu malamai da iyaye, sikelinmu bai kai wannan adalci ba. Yaro ya zo na ɗaya a ajin da ba mai ja da shi, mu yanka masa kaza. Wata yarinya ta tashi daga 6 zuwa 9 bisa 20 a aji mai zafi, mu ce ta faɗi, har a fara zancen cire ta daga makaranta. Alhali ita ce ta wuce abin da aka zata, shi kuwa tsintuwa yake yi.

Idan takardar sakamako ta zo gida, kafin a dubi matsayi a tambayi malami nawa yaron ya ci a zangon da ya wuce, kuma da su wa yake karawa. Mai ƙoƙari a ba shi aikin da zai iya ka da shi, mai rauni kuma a yaba masa kowane taki.